Kafin ka haɗa ƙadangaruwarka mai gemu da namiji, ɗora ta a sikeli tukuna

Satin da ya wuce bayan sallar isha wani ƙanena na unguwa ya biyo ni har ƙofar shukka, wato sashen da nake zaune a gidan bene, da waya a hannu yana nuna min bidiyo, wai "Yaya duba don Allah, ta fara ɗaga hannu, ai ta shirya ko? Gobe zan karɓo namijin abokina in haɗa su." Na ce watanta nawa, ya ce tara ko goma bai riƙe ba, na ce nauyinta fa, sai ya tsaya yana kallona kamar na tambaye shi lambar iƙamar kakansa, wato katin izinin zama a Saudiyya. Toh wannan ne ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, don yanzu a Jidda ɗinnan yara sun shiga kiwon ƙadangare mai gemu sosai, kowa ya je kasuwar tsuntsaye ya sayo ƙarama, bayan wata shida kuma ya fara lissafin riyal nawa zai samu in ta yi ƙwai.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne wanda Larabawa ke ce wa tinnin multahi, masana kuma suna kiransa Pogona vitticeps. Asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, kuma da yake ƙasar ta daɗe da hana fitar da dabbobinta waje, duk wanda ka gani a kasuwa a hannun mutane aka ƙyanƙyashe shi. Ba shi ne dabbu ɗin da mutanen Najadu ke farauta suna ci ba, shi wancan jelarsa ce mai ƙaya, wannan kuwa ƙayar a maƙogwaro take, in ransa ya ɓaci ya kumbura ta ta yi baƙi ƙirin. Hajiyarmu har yau ba ta yarda da wannan kiwo ba, ranar da ta fara ganin akwatin gilashin a falo cewa ta yi "kai kuma duk dabbobin Allah ka rasa abin ajiyewa sai ƙadangaren bakin tulu", amma yanzu in ta zo ita ke tsinke musu ganyen jarjir da hannunta.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne macen nan tana iya ɗaukar ƙwai tun jikinta bai isa ɗauka ba. Tun tana wata 8 zuwa 12 in namiji ya hau ta ƙwai yana iya shiga. Amma a wannan lokacin ita kanta girma take yi, ƙashinta bai gama ƙwari ba, kuma ɓawon kowane ƙwai da kalsiyam ake gina shi, in babu isasshe a abinci daga ƙashinta jiki zai ɗiba. Ka lissafa ƙwai 20 a ciki ɗaya, wata ma har 30, sannan abin da mutane da yawa ba su sani ba, macen tana ajiye maniyyin namiji a jikinta, barbara ɗaya tak tana iya sa ta zuba ƙwai sau uku ko huɗu a shekarar, tsakanin kowace zuba da wata kamar sati uku zuwa huɗu. Wato ranar da ka buɗe ƙofa ka saka mata namiji ba ciki ɗaya ka ɗora mata ba, kuma ba ka da hanyar cewa a tsaya.

Ni da kaina na yi wannan kuskure shi ya sa nake magana da zafi. Macena ta farko, wata ja mai kyau, watanta 11 nauyinta giram 290 na haɗa ta, don wanda ya sayar min ya ce ai in ta kai tsawon hannu shikenan. Zuba ta farko lafiya lau, ƙwai 17, ina ta murna ina tura hoto. A ta biyu na fara ganin yatsunta suna ɗan karkarwa in ta kwanta ƙarƙashin fitila, kamar mai jin sanyi alhali wurin zafi ne, sai kuma ta daina ɗaga ƙirjinta daga ƙasa, jan ciki take yi. Da na taɓa haɓarta da ɗan yatsa sai na ji muƙamuƙin ya yi laushi kamar roba. Likita ya yi mata hoto, ƙashin ya yi fayau kamar takarda ga wasu ƙwai kuma suna layi a ciki. Ta rayu, Alhamdulillah, amma bakinta ya karkace har yau kuma ban sake haɗa ta ba, kuɗin da na kashe a allura da zirga-zirga ya ninka abin da na samu a 'ya'yan.

Toh shekaru tukuna. Mafi ƙaranci wata 18, ni kuma in ka tambaye ni sai ta cika shekara 2. Matsalar mu a nan yawanci ba mu san ranar ƙyanƙyasa ba, mai shago zai ce maka "wata uku" a kan kowace ƙarama da ke akwatin. Abin da za ka yi ka ɗauki ranar da ta shigo hannunka ka rubuta, ka ƙirga daga nan, watannin da ta yi kafin ta zo ka bar mata su kyauta. Wata alamar kuma saɓa, ƙarama mai girma tana saɓa kusan kowane sati biyu uku, babba kuwa sai ta yi watanni ba ta yi ba kuma in za ta yi gefe-gefe take yi, yau ƙafa gobe jela. In har taka tana saɓa akai-akai tana nan tana girma, ka ƙyale ta. Ka riƙa auna tsawonta ma daga hanci zuwa ƙarshen jela, ya kamata ta kai kamar santimita 45, kuma in ka auna wata uku a jere lambar ba ta motsa ba to girma ya tsaya.

Sai nauyi, wanda shi ne mutane suka fi raina wa alhali shi ya fi sauƙi. Sikelin kicin na dijital ɗinnan da mata ke auna fulawa ya isa, ka ɗora roba ka mayar da shi sifili ka saka ta ciki. Giram 350 shi ne ƙasa, ƙasa da haka kar ma a yi maganar, in ta kai 400 hankali ya fi kwanciya. Amma kar ka auna sau ɗaya ka ce halas, ka auna duk sati rana ɗaya, da safe kafin ta ci abinci, in da hali bayan ta yi kashi don kashi ɗaya na babba yana iya canza maka lamba sosai. Ni ranar Juma'a nake yi kafin in fita masallaci, ina da ɗan littafi a saman akwatin. Abin da kake nema nauyin da ya zauna wuri ɗaya tsawon wata biyu uku, ba wanda ke hawa yana sauka ba.

Kuma don Allah kar ka ji na ce 350 ka je ka ɗura mata tsutsa mai kitse don lamba ta cika. Wannan wayo ne da zai dawo kanka, mace mai teɓa ita ma ƙwai na maƙale mata, ga hanta da kitse ke rufewa. Shi ya sa bayan sikeli sai hannu da ido. Ka duba bayan idanunta a saman kai, akwai wasu 'yan matasai guda biyu na kitse, a lafiyayya suna ɗan tasowa kaɗan, in sun lotsa ciki ta rame ke nan ko da cikinta ya yi faɗi. Ka shafa gindin jela, ya kamata ya cika ya yi kauri, in kana ganin ƙasusuwan ƙugu biyu sun fito kamar ƙahoni ba ta shirya ba. Ka sa ta tafiya a ƙasa ka kalla, lafiyayya tana ɗaga jikinta a kan ƙafafu huɗu ciki bai taɓa tayil, in ka ɗora ta a hannunka kuma za ka ji riƙon farcenta da ƙarfi. Haɓa ta zama da tauri, leɓe ya rufe daidai, jela da baya miƙe babu ƙulli babu lanƙwasa.

Yanzu maganar ɗaga hannu da ta rikita ƙanena. Wannan juya hannu a hankali kamar mai iyo, ma'anarsa kusan "na gan ka, ni ba faɗa nake nema ba". Jarirai 'yan sati biyu suna yi, ƙaramin namiji yana yi wa babba, wata ma in ta ga inuwarka ko hotonta a gilashi sai ta yi. Ba shaidar balaga ba ce sam. Haka shi ma namiji in ya baƙanta gemu yana gyaɗa kai da ƙarfi yana buga ƙafa, shi nasa a shirye yake kullum, ko 'yar wata shida ka nuna masa haka zai yi, don haka kar ka ɗauki zumuɗinsa ya zama hujja a kanta.

Af, kafin in manta, ka tabbatar ma macen ce. Kar ka yi dariya, na san wanda ya shekara yana kiwon "mace" ya haɗa ta da namiji suka kusa cinye juna. Ka kwantar da ita a tafin hannu ka ɗaga jela a hankali, kar ka lanƙwasa da ƙarfi, ka duba bayan mafitar kashi. Namiji kumburi biyu ne gefe da gefe da ɗan kwari a tsakiya, mace ɗaya ne a tsakiya ko ma shafe. In ka kasa ganewa ka kashe wuta ka haska tocilar waya ta saman gindin jela ka leƙa ta ƙasa, a namiji za ka ga inuwa biyu dogaye. Ƙananan ramukan cikin cinya ma na namiji sun fi girma da fitowa.

Abinci da haske su ne ainihin shirin, kuma ba sati ɗaya kafin haɗawa ake fara su ba, watanni ne. Kalsiyam na gari kana barbaɗa shi a kan gyare ko fara ko kyankyason dubiya kafin ka ba ta, ga ganye kullum, jarjir da ke kowace bagala, wato shagon unguwa, yana da kyau da ɗan kabewa a goge, sabanik kuwa, wato irin alayyafon nan, kar ya zama na kullum don yana ɗaure kalsiyam, latas ruwa ne kawai, afokado kuma kar ka kusanta mata shi. Amma duk kalsiyam ɗin da za ta ci in babu hasken UVB, wani sashe na hasken rana da ido bai gani, kusan asara ne, don da shi fatarta ke yin bitamin D3 da ke sa jiki ya karɓa. Abin dariya muna ƙasar da rana ke narka kwalta amma ƙadangarunmu suna fama da rashin rana, saboda suna cikin shukka ga labule ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma ko ka ajiye akwatin jikin taga gilashi yana tare UVB, zafin kawai zai shiga ya dafa ta. Sai ka sayi doguwar fitilar UVB irin wadda ake kira T5 mai kashi 10 ko 12, ka rubuta ranar da ka saka ta da maka a jikin ƙarfen, ka canza bayan shekara ko da tana ci gaba da haske don ƙarfin UVB ɗin yana mutuwa ido bai gani. Wurin shan zafi ya kai digiri 38 zuwa 42, ɗaya gefen kuma kamar 25 zuwa 27.

Ka kai kashinta wajen likitan dabbobi a duba a madubin likita, tsutsar ciki da wata ƙwayar cutar hanji mai suna koksidiya suna da yawa a jikinsu kuma suna iya zama shiru sai wahalar ƙwai ta zo su taso gaba ɗaya. Ka tambaya tun a waya ko likitan yana duba masu rarrafe, da yawa kyanwa da tsuntsu kawai suka sani. Namijin aro shi ma haka, kar ka karɓo na abokinka yau ka jefa shi gobe, akwai wata cuta adenobairos da ke yawo tsakaninsu, mai ɗauke da ita yana iya zama garau a ido. Kuma in macenka irin marar ƙaya ce sumul ɗinnan da ake ce wa silki, kar ka haɗa ta ko ta kai nauyin me, namiji da haƙori yake kama ƙeya kuma fatarta ba ta da sulken da za ta jure, yagewa take yi. Masu ɗan santsin baya da ake kira leda kuma in ka haɗa biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan silki za su fito. 'Yan ciki ɗaya ma ba a haɗa su, ka tuna shago ɗaya sau da yawa daga ciki ɗaya yake kawo duk ƙananan da ke akwatin.

Sai baccin hunturu. A can garinsu in sanyi ya shigo suna lafewa wata biyu zuwa uku, ba ci sosai ba motsi, in suka tashi ne lokacin barbara. Na gida ma da yawa suna yi da kansu in sun wuce shekara, za ka ga ta shige ɓuya ta ƙi abinci ka ɗauka ciwo ne, sikelin nan shi zai raba maka gardama, mai bacci nauyinta kusan bai motsi, marar lafiya kuwa zubewa take yi. 'Yan'uwa na Riyad da Ɗa'if sanyi na zuwa musu har ɗaki, mu na Jidda da Makka kuwa hunturun namu suna ne kawai, sai dai ka rage awannin fitila zuwa kamar 8 a rana ka bar mukayyif ya taimaka, daga Disamba zuwa Fabrairu. Kafin ka fara ka daina ba ta abinci kamar sati biyu fitilar zafi na kunne har cikinta ya fita tas, abinci in ya kwana a ciki cikin sanyi ruɓewa yake. Suna iya barbara ko ba su yi wannan baccin ba, amma ni na fi son wadda ta yi ta tashi, na ba ta sati uku huɗu tana ci kamar ba gobe, nauyi ya koma inda yake ko ya ɗan wuce, sannan a yi maganar namiji.

Ranar haɗawa kar ka saka su ka tafi aiki. Ka zauna a wurin. Zai baƙanta gemu ya yi ta gyaɗa kai ya zagaye ta, wadda ta yarda za ta yi ƙasa da kai a hankali ta kwanta ta ɗan ɗaga jela, ya kama ƙeyarta, 'yan mintuna an gama. Wadda ba ta so kuwa za ta kumbura, ta buɗe baki, ta yi ta tsere tana kartar gilashi ko ta juyo ta cije shi, in ka ga haka ka raba su ka sake gwadawa bayan sati, ba dole. Ko an yi nasara ma ka mayar da kowa ɗakinsa, zaman tare ba nasu ba ne, namiji zai yi ta damunta har ta daina ci ƙeyarta ta zama gyambo.

Daga nan sati 4 zuwa 6 za ta zuba. Za ta ci abinci kamar hauka, ciki ya buɗe, in ka kalli gefensa za ka ga ƙulli-ƙulli kamar an cusa mata inabi, kar ka matsa don ƙirgawa. Kwana biyu uku kafin lokaci za ta daina ci ta fara tono a kowane lungu. Tun kafin nan ka tanadi babbar roba da yashi haɗe da ƙasa marar taki, zurfin kamar santimita 25 zuwa 30, da danshi daidai yadda in ka dunƙula zai tsaya amma ruwa bai ɗiga, don rami za ta haƙa kuma in yana ruftawa za ta fasa ta riƙe ƙwan. In ta yi kwanaki tana tono tana yunƙuri babu komai, ta yi laushi ido ya faɗa, wannan ba na jira ba ne ba na jiƙa ta a ruwan ɗumi a yi ta addu'a ba, likita kai tsaye. Wannan robar ma ko ba ka da namiji ka ajiye ta, don mace balagagga tana iya zuba ƙwai marasa ɗa ita kaɗai kamar kaza.

Akwai kuma tambayar da ba a sikeli take ba, kai ka shirya? Ƙwan sai an kwashe a hankali ba a juya shi ba, yadda ka same shi haka za ka ajiye, a na'urar ƙyanƙyasa a digiri 28 zuwa 29 na kwana 55 zuwa 75. A Jidda wahalar ba ɗumamawa ba ce, sanyayawa ce, in mukayyif ya tsaya da rana a watan Yuli ɗaki na wuce haka nan da nan. Kuma zafin yana da wani abin mamaki, masu bincike a Jami'ar Kanbera sun nuna in ya haura digiri 32 ƙwan da asalinsa namiji ne yana iya fitowa mace, in ya yi yawa kuma mutuwa ce kawai. In sun fito, jarirai 20 kowanne yana cin ƙananan gyare sau biyu uku a rana, wanda girmansa bai wuce tsakanin idanunsa ba, in yunwa ta kama su yatsu da jelar juna suke gutsura don haka sai ka rarraba su robobi da fitila kowace. Kafin ka gama da waɗannan ciki na biyu ya fito. Ka je ka tambayi kuɗin gyare a kasuwa ka ninka, ka tambayi kanka wa zai saya 60, ka kuma bincika maganar izini wajen hukumar kula da namun daji kafin ka fara talla a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet. Ga masu yara ƙanana a gida a riƙa wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su saboda ƙwayar cutar salmonela.

Shi ƙanen nawa dai washegari ya zo da ita cikin kwalin takalmi, muka aro sikelin uwargida muka ɗora, giram 240. Na ɗaga jela na haska, macen ce da gaske, matasan kitsen da ke kanta a cike, haɓa da tauri, fitilarsa ce kawai ta tsufa ba a canza ba. Ya ce "Yaya to yaushe ke nan?" Na ce ya sayo sabuwar fitila a satin nan, namijin abokinsa ya zauna inda yake, na yaga masa takarda daga littafina na rubuta kwanan wata da 240 a sama, na ce duk Juma'a ya ƙara layi ɗaya, in hunturun baɗi ya wuce ya kawo min takardar mu duba tare.